Fanka Na Juyi, Allo Baƙi Ƙirin

Yau da safe, a layin mai, na sha kunyar da ban shirya mata ba. Ina tsaye riƙe da kan babur ɗina, a tura taku ɗaya a tsaya a yi hira, sai wani dattijo da muke haɗuwa a masallacin Juma'a ya matso. Muka yi gaisuwa mai tsawo, don layin ya ba mu lokaci: gida, iyali, zafi, aikin fadama, har lafiyar awaki. Allah ya saka wa manyanmu da alheri da suka bar mana layin mai, in ba don shi ba da tuni zumunci ya mutu a Talata Mafara. Da muka ƙare gaisuwa sai dattijon ya ƙura wa sirdin babur ɗin ido.

"Malam Manu, saida sabon ka yi kas sayi tsoho?"

Na ce masa babur dai shi ne wanda ya sani.

"To ina ledatai?"

Kafin in haɗa amsa, maƙwabcina Maikuɗi, wanda sunan kawai ya samu, ya ɗaga murya daga bayan layi yana kaɗa galan. "Malama tah hige shi. Da shi da kujeru da rediyo, dut rana guda." Layin ya ɗauki dariya har wurin famfo. Tun da abin ya riga ya fita, gara ku ji shi daga bakina, don in Maikuɗi ne zai ba da labarin sai ya ƙara masa gishiri.

Ni mutum ne mai girmama sabon abu. Tun ranar da na sayi babur ɗin nan ban cire masa ledar kamfani ba, in ta yage sai in like ta da salatif. Haka kujerun falona, haka rediyo, haka rimot, haka katifa. Ra'ayina shi ne, ranar da aka cire wa abu leda, ranar ya zama tsoho. Kuma kada kowa ya yi mini kallon baƙo, ku leƙa kasuwa ranar Talata ku dubi baburan da ke jere, za ku ga ina da 'yan'uwa da yawa. Bambancina da su kawai, ni na ɗauki abin da muhimmanci fiye da kima.

Matata Taibatu malamar firamare ce. Ta daɗe a mataki ɗaya, har yaran da ta koya wa riƙe fensir sun girma sun dawo suna sa hannu a saman nata. Bana sai sanarwa ta sauko daga sama cewa za a yi jarrabawar ƙarin girma, amma da kwamfuta za a yi ta, domin mun shiga zamani. Wanda ya faɗi sai wani jiƙon, kuma ba wanda ya san yaushe ne wani jiƙon, don na baya ma har an manta shekarar da aka yi shi. Ita kuwa Taibatu, a kan allo da alli ba ta tsoron kowa, amma tun da take ba ta taɓa ɗora hannu a kan kwamfuta ba. Ranar da ta dawo da labarin ko abinci ba ta ci ba. Ta ji tsoro ƙwarai, ni ma da na ga haka hankalina ya tashi.

Kada ku ce manya ba su yi tanadi ba, sun yi. A ɗaya daga cikin garuruwan nan namu, ba zan faɗi wanne ba, an gina cibiyar koyon kwamfuta. Ina wurin ranar buɗewa, ni ma na yi tafi har tafin hannuna ya yi ja. Mai Girma Sarkin Almakashi ya zo da jerin motoci, ya yanka zare, ya ce daga yau ɗan manomi zai yi gogayya da ɗan kowa a duniya. Aka bar mu muka leƙa ta ƙofa, muka ga kwamfutoci jere cikin ledarsu suna sheƙi. Aka ci shinkafa, aka naɗe rumfa, aka rufe ƙofar. Makullin yana hannun Ranka Ya Daɗe Ma'ajin Makulli, shi kuwa duk ranar da ka je ya yi tafiya. A gaskiya ban taɓa ganin inda aka kula da dukiyar jama'a irin haka ba, har yau ko maɓalli ɗaya bai lalace ba. Awaki ne ke shan inuwa a barandar.

Da aka ba da hutun makaranta, Taibatu ta ce za ta tafi Gusau wurin yayarta, akwai shagon da ake koyarwa kusa da gidansu, ta yi hutun a can ta dawo da hannunta a sake. Shawara ce mai kyau, shi ya sa na ƙi. Na kawo mata maganar hanya yadda take a 'yan shekarun nan, na kawo maganar ɗawainiya. Abin da ban faɗa ba shi ne ko ruwan zafi ban iya dafawa ba, sannan ina da girman kai na tsohon akawu. Na yi shekaru ina buga tafireta a ofis kafin in koma noman albasa, saboda haka nake ganin kwamfuta 'yar ƙanwata ce, ba za ta gagare ni ba.

"Kwamfuta har cikin ɗakinki zan kawo miki ita," na ce. "Ni zan koya miki da kaina."

Ta dube ni ta ce, "Malam, hutun ga guda na. In yaw wuce ba ni da wani."

Na bugi ƙirji na ce ta zuba ido.

Na sayar da albasar da nake ɓoyo, na je wurin Sharhabilu, mai sarin kayan waya daga Kano. Shi ya ce kada in sayi haɗaɗɗiya, in sayi kayan ɗaya-ɗaya in haɗa da hannuna, ya fi sauƙi kuma ya fi ƙarko, wai wanda ya iya kwance injin ban-ruwa ya mayar ba abin da zai ba shi tsoro. Maganar ta yi mini daɗi. Kaya suka iso cikin kwalaye: akwatin ƙarfe, babban faifan da kome ke hawa kansa wanda suke kira madabod, 'yar ƙwaƙwalwar da ake dasa masa a tsakiya, 'yan sanduna biyu masu bakin zinariya da ake kira ram, wani kati mai nauyi da fankarsa wanda Sharhabilu ya ce shi ke yin hoto, sai allon kallo da kibod mai haruffa da linzami, ɗan abin nan da ake jan kibiya da shi a kan allo.

Na shimfiɗa tabarma a falo, na buɗe bidiyon wani Bature a waya ina bin sa. Baturen yana da surutu, data kuma tana zuba kamar an huda tulu, don haka duk inda ya tsaya dogon bayani sai in tsallake zuwa inda hannunsa ke aiki. Leda kuwa ban cire ba sai wadda ta hana abu shiga wurinsa, ita ma ina cirewa ina jin zafi a raina, in ninke ta in tura ƙarƙashin katifa. A bayan katin hoton akwai wasu 'yan murafai na baƙar roba, jere gwanin sha'awa, kamfani ya toshe su tsaf. Na shafa su da yatsa na ce ku zauna abinku, ku ne shaidar sabunta. Da na zo ɗaura wayar allo, na ga wata kafa a buɗe can sama a jikin madabod, na tura ta shige daram. Na yi hamdala na rufe akwati.

Mai hankali zai fara gwadawa shi kaɗai a ɗaki. Ni kuwa da na ga yadda manya ke yi, sai na shirya bikin buɗewa tukuna. Na sa Taibatu ta dama fura, na sayo goro, na kira limamin unguwa da Maikuɗi da maƙwabta na kusa. Bayan la'asar aka cika falo, kujeru na ƙara ƙuus ƙuus duk wanda ya motsa. Na miƙe na yi jawabi. Na ce daga yau gidan nan ya shiga zamani, na soki waɗanda ke kulle kayan jama'a a ɗaki, har aka yi mini kabbara. Liman ya yi addu'a, na yi bisimilla na danna maɓalli.

Fankoki suka ɗauki juyi. Wata fitila ja da shuɗiya ta kama a cikin akwatin. Kowa ya juya ga allo. Wani ɗan rubutun Turanci ya fito yana cewa babu sigina, ya ɗan yi yawo daga wannan kusurwa zuwa waccan, sannan ya ɓace, allo ya koma baƙi ƙirin. Abin da muke gani a ciki kawai fuskokinmu ne, tawa a gaba da baki buɗe.

"Ta kama?" in ji Maikuɗi.

"Tana ɗumama," na ce.

Muka jira ta ɗumama har fura ta ƙare. Liman ya ɗauki goronsa ya ce Allah ya sa albarka, ya tafi shirin magariba. Ni kuwa da na ga taro zai watse, sai na sanar cewa an buɗe, sauran 'yan gyare-gyare kaɗan za a kammala nan ba da daɗewa ba. Da kalmomin suka fito daga bakina sai na ji kamar na taɓa jin su a wani wuri. Taibatu tana tsaye a bakin ƙofa da ƙwarya a hannu.

Washegari na fara neman mai laifi, kuma kamar kowane ɗan ƙasa nagari na fara da masu wuta. Wutar da suke kawo mana ko ƙwan fitila sai ya yi tunani kafin ya kama, don haka na ce ƙarfinta ne bai kai ba. Na ari janareton Maikuɗi, na yini a layin mai da galan, na sha rana, na dawo na tayar. Fanka ta juya, fitila ta kama, allo baƙi. Masu wuta suka fita daga zargi, karon farko a tarihinsu.

Sai na koma kan allon. Na ce Sharhabilu mataccen allo ya haɗa ni da shi. Na naɗe shi cikin bargo, na ɗaure a baya kamar goyo, na saka wayarsa a aljihu, na kama hanyar Bakura wurin Surajo, ƙanin Taibatu mai gyaran talabijin. Akwatin kuwa na bar shi a gida, don kada ramukan hanya su girgiza masa hanji. Hanyar nan ma an yi bikin fara gyaranta, na ga allon sanarwar yana nan da ƙarfinsa. Surajo ya riga ya yi furfura amma bai daina tsokanata ba, wasan ƙanin mata ba ya tsufa. Ya karɓi allon, ya ɗaura shi da wayar da na zo da ita a jikin na'urar tauraron da ke shagonsa, nan take wasu 'yan ƙwallo suka fito suna gudu tar.

"Allonka lahiya lau, wayarka lahiya lau," ya ce. "Ina akwatin?"

Na ce yana gida.

"Wato mara lahiya na kwance gida, kak kawo mani tabarau nai in duba. Yaya Taibatu dai ta yi haƙuri da kai."

Ya ce in na koma in cire sandunan ram in goge bakinsu da magogin fensir, in mayar ɗaya-ɗaya, in danna har sai na ji ƙas. In bai yi ba, akwai ɗan batir kamar kwabo a jikin madabod, in cire shi in bar shi ya huta in mayar. Ya tambaye ni ko na ɗaura wayar allo a bayan akwatin, na ce ƙwarai na ɗaura, wannan ai ko jinjiri ya sani. Bai tambayi a wace kafa ba, ni ma ban san akwai wata ba.

Na dawo na yi duk abin da ya ce. Magogin ma na Taibatu ne, daga jakar makaranta na ɗauko. Na goge, na mayar, na ji ƙas. Na gwada sanda ɗaya, na gwada ɗayar, na sauya musu wuri. Na cire batir na ajiye shi a kan faranti har na yi sallah na dawo. Na kwance kowace waya na sake ɗaurawa. Duk lokacin da na danna maɓalli sai fanka ta juya da ƙwazo, fitila ta kama, ka rantse aiki ake yi a ciki ba wasa ba, amma ba abin da ke fitowa. Maikuɗi da ya leƙo ya ce shi kam ya san ofisoshi da yawa masu irin wannan ciwo.

Na kira Sharhabilu. Ya ce kaya lafiya lau suka bar hannunsa. Na ce lafiya lau suka iso nawa. Ya ce to ai ba matsala ke nan. Na fara bayani sai ya ce ba ya ji na sosai, sabis ne, layi ya yanke. Tun daga ranar duk lokacin da na kira yana kan hanya.

Da abin ya gagara sai na yi abin da ake yi a ƙasar nan in abu ya gagara, na kafa kwamiti. Muka zauna ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar gidana, ni ne shugaba, Maikuɗi mataimaki, sauran membobi duk wanda ya zo wucewa ya ga ana shan shayi. Maikuɗi ya ce a ɗan buge ta a gefe kamar yadda yake yi wa rediyonsa. Wani ya ce sanyin kwali ne ya kama ta, a shanya ta a rana. Wani ya ce baki ne, don mutane da yawa sun gan ta ranar buɗewa, a turara mata hayaƙi. Aka yi muhawara mai zafi a kan ko bugu za a fara ko shanya, ba a cimma matsaya ba, aka ɗage zama. Mun zauna sau da dama, sukari ya ƙare, kwamfuta tana nan yadda take.

Ina ta wannan, hutu yana ta tafiya. Kullum da hantsi sai in ga Taibatu ta ɗauki kibod ta ɗora a cinya, tana danna haruffa ta saman leda tana kallon baƙin allo, wai ko yatsunta za su san wurare. Linzamin kuwa ba yadda za ta koye shi, don ba ta taɓa ganin kibiyar da ake cewa yana ja ba. Wata rana na shigo na tarar da ita haka, ta yi sauri ta goge ido da gefen mayafi. Abin ya soke ni. Maimakon in ce ta shirya in raka ta tasha, sai na ce kwamiti ya kusa miƙa rahoto.

Ranar da abin ya fashe zafi ake yi irin na bazara, ko ganye ba ya motsi. Hutu saura ƙiris. Na shigo bayan azahar na tarar da jakarta a tsakiyar falo a ɗaure. Ta ce gobe za ta Gusau, ko kwana nawa suka rage ta koyi abin da ya samu, in na hana ta to in sani ni na kayar da ita ba kwamfuta ba. Na fara kame-kame. Ta zauna a kujera tana saurare, gumi na zuba, da ta zo miƙewa sai ledar kujerar ta manne mata a jiki ta biyo ta da ƙara. Ta tsaya cak. Ta juya ta dubi kujerar, ta sa hannu biyu ta kama ledar ta ja.

Ƙarar yagewar nan har cikin haƙorina na ji ta.

"Taibatu, mi kike yi haka?"

"Tun ina amarya nike zama bisa leda, Malam. Ban san kalar kujerun ga a jikina ba. Yau sai na sani."

Ta fige ta biyu, ta fige ta uku. Ta ɗauki rimot ta tuɓe shi, ta tuɓe rediyo. Ta leƙa zaure, na ji ƙarar salatif ɗin sirdin babur yana rabuwa da duniya. Ina biye da ita ina tsince ledoji ina roƙo, ko a jikinta. Ta dawo falo ta cire ta kibod, ta ɓare ta fuskar allo, sannan ta juya akwatin kwamfutar tana neman saura. Nan idonta ya faɗa kan 'yan murafan nan na baƙar roba.

"Waɗanga hwa?"

"Kada ki taɓa su. Su ne shaidar cewa sabuwa ce. In za a mayar wa Sharhabilu..."

Ban rufe baki ba ta sa farce ta ɓalle ɗaya, ta ɓalle na biyu, ta zube mini su a tafin hannu. Ta sunkuya za ta ɓalle na gaba sai ta dakata. Ni ma na leƙa. A ƙarƙashin murfin akwai kafa, kuma kafar irin ta saman nan ce sak, wadda na ɗaura wayar allo a ciki. Muka dubi juna. Na tuna Sharhabilu ya ce wannan katin shi ke yin hoto. Na tuna wani wuri a bidiyon inda Baturen ya yi ta nuna bayan akwati da yatsa yana girgiza kai, ni kuwa na tsallake don in ceci data.

"Wagga ƙohwa ta mi ce?" ta tambaya, muryarta ta sauko.

"Dama nan nake shirin gwadawa," na ce.

Ta dube ni kawai. Na zare wayar daga sama na tura ta a ƙasa. Aka yi sa'a akwai wuta. Na danna maɓalli, fanka ta juya, fitila ta kama kamar kullum. Sai allo ya yi ƙyaf, tambarin kamfani ya fito fari tas, rubutu ya biyo baya. Taibatu ta zame ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da hannu, ban sani ba dariya take ko kuka, ina jin duka biyun ne. Ni kuwa na so ƙasa ta tsage in shige, ga murafai a hannu ga ledoji a hammata.

Da na kira Surajo na faɗa masa, sai da ya ajiye wayar ya ƙare dariya sannan ya ɗauka. Ya ce irin ƙwaƙwalwar da na saya ba ta yin hoto da kanta, shi ya sa aka haɗa ni da kati, kafar saman nan kuwa ba abin da ke zuwa cikinta. Wato na ɗaura tiyo a famfon da ba a haɗa da tanki ba, na zauna ina jiran ruwa, irin famfunan da aka buɗe mana da kiɗa a bakin kasuwa. Ya zo da kansa washegari ya zuba mata manhajojin da take bukata. Na roƙe shi kada maganar ta wuce mu, ya ce ba zai faɗa wa kowa ba sai mutanen Bakura.

Taibatu ta kwance jaka. Kwanakin da suka rage ba ta tashi daga gaban allon ba sai don sallah. Da farko kibiyar ta yi ta guje mata, ta nufi gabas ta tafi yamma, amma kafin a koma makaranta ta iya kamo ta ta ajiye inda take so. Ni da na ce zan koyar, na gano tafireta ba ta da linzami, sai na koma mai kawo ruwa da tayar da janareto. Na kuma koyi dafa shinkafa, ko da yake ba wanda ya yaba.

Ranar jarrabawa ba a cibiyar nan aka yi ba, don Ma'ajin Makulli ya yi tafiya. A wani zaure aka jera kwamfutocin haya. Na kai ta a babur, na zauna a waje ina jan carbi. Da ta fito sai na ga ba ita kaɗai ba ce, tana riƙe da hannun wata dattijuwa, Malama Sakinatu, wadda ta taso tun asuba a kan babur ɗin haya daga wajen Faru, can ƙasar Maradun. Ta girmi Taibatu a aiki nesa ba kusa ba. A kusa da juna suka zauna. Taibatu ta ce tana gani baiwar Allah ta ɗaga linzamin sama tana nuna allo da shi kamar rimot, ga tambayoyin duk ta san amsarsu, ga dokar hana magana, har lokaci ya ƙare ba ta wuce shafin farko ba. Muka kawo ta gida ta ci abinci. Ta zauna a kujerar da aka fige ta yi kuka irin na manya, marar sauti, ta ce ita ba faɗuwar ce ta dame ta ba, yadda za ta dubi yaran ajinta ne. Na sulale na fita zaure.

Sakamako ya fito, Taibatu ta ci. Malama Sakinatu sai wani jiƙon. Ƙarin girman kansa an ce ana kan aiki, ina jin yana can a wani ofis cikin ledarsa, ba abin da zai same shi. Amma tun daga lokacin falona ya tashi daga hannuna. Duk ranar da ba makaranta Malama Sakinatu na zuwa, ta jawo wasu malamai mata, su yi layi a gaban kwamfuta ɗaya, Taibatu na riƙe musu hannu a kan linzami kamar yadda take riƙe wa 'yan aji ɗaya fensir. Ni an mayar da ni zaure tare da babur. Wannan rubutun ma ita ta buga shi, kuma ta ce in na rage kome za ta ƙara da kanta.

Man dai ban samu ba yau, ana zuwa kaina aka ce ya ƙare. Na turo babur ɗina tsirara a ƙasa, na biyo ta gaban cibiyar, na kori awaki na leƙa ta taga. Kwamfutocin suna nan jere cikin ledarsu, ko yatsa bai taɓa su ba. Na daɗe ina sukar mutanen nan a wannan shafi nawa na jarida, amma yau da na ga yadda ledar ke sheƙi sai na ji wani abu kamar sha'awa, har na sa hannu a aljihu na shafa 'yan murafaina, don ban yar da su ba. Ashe makarantarmu ɗaya da manya, su dai ba su da Taibatu a gida.

Saboda haka, Ranka Ya Daɗe Ma'ajin Makulli, in Allah ya dawo da kai daga tafiya lafiya, akwai wata dattijuwa da ke keto hanya daga Faru don ta taɓa linzami a falon manomin albasa. In cire ledar ne ke maka ciwo, wallahi na san zafin, ba sai ka yi da hannunka ba. Ina da mai yi a gida, kuma ba ta karɓar ko sisi. Sai dai ranar ka bar motarka a gida, in har kujerunta na cikin leda.